Harshe Ɗaya Don Kowa: Yadda Ƙasar Sin Ta Ke Yi Da Harsunan Mutanenta

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin ƙasar Sin, in ya juya bayanta ya duba can sama ta hannun dama, zai ga an rubuta sunan bankin ƙasar har sau biyar. Na farko Sinanci ne da baƙaƙen boko. Sauran huɗun kuwa su ne harshen Mongol, wanda a ke rubutawa daga sama zuwa ƙasa, da na Tibet, da na Uigur, wanda a ke rubutawa da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu, da kuma na ƙabilar Juwang. Wanda ya ga wannan zai ce lalle ƙasar nan ta ba kowane harshe haƙƙinsa. Amma in ya shiga makarantun ƙasar a yau, daga bakin teku har kan duwatsun Tibet, galibi harshe ɗaya zai ji malami yana koyarwa da shi. Tsakanin abin da ke jikin takardar kuɗi da abin da ke jikin allon makaranta akwai labari mai tsawo, shi ne mu ke so mu warware wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, gama a hannun irinsu al'amarin ya ke.

Mutane Da Yawa, Harsuna Da Yawa

Bisa ga ƙidayar da aka yi a 2020, mutanen ƙasar Sin sun kai miliyan 1,411. Kashi 91 cikin 100 ƙabilar Han ne, watau ainihin waɗanda mu ke kira Sinawa. Sauran, wajen mutum miliyan 125, sun rarrabu cikin ƙabilu 55 da hukuma ta amince da su. Ko da ya ke ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba, ƙasashen da su ke zaune sun fi rabin faɗin ƙasar duka, yawancinsu kuma a kan iyaka su ke. Wannan shi ya sa mahukuntan Bejin ba su taɓa ɗaukar maganar harsunansu da wasa ba.

Shi kansa Sinancin ma ba iri ɗaya ba ne. Mutanen arewa da na kudu maso yamma suna magana da irin wanda a ke kira Mandarin, su ne wajen kashi 70 cikin 100 na masu Sinanci. Mutanen Shanghai da kewayenta suna da nasu, sunansa Wu. Na Kanton da Hongkong suna da Kantonanci. Na lardin Fujiyan da tsibirin Taiwan suna da Min, ga kuma Hakka, ga na Hunan, ga na Jiyangshi. Hukuma tana kiran waɗannan duka karin harshe, amma kada mai karatu ya zaci irin bambancin da ke tsakanin Sakkwatanci da Kananci ne. Basakkwace da Bakano sun sha ciniki ba tafinta. Mutumin Bejin kuwa, in ya sauka kasuwar Kanton, ba zai fahimci abin da a ke faɗi ba sai ya koya, kamar yadda a ke koyon baƙon harshe.

To, me ya sa a ke lissafa su harshe ɗaya? Rubutu ne ya ɗaure su. Rubutun Sinawa ba na baƙi da wasali ba ne, kusan kowace kalma da tata alama. Misalinsa kamar alƙaluman lissafi ne. In aka rubuta 5 a allo, Bahaushe zai karanta biyar, Bafulatani ya ce jowi, Babarbare ya ce uwu, ma'ana kuwa ɗaya. Haka mutumin Bejin da na Kanton za su karanta jarida ɗaya su fahimta, alhali kowa da yadda ya ke furta alamomin a bakinsa. Sarki Cin Shi Huwan, wanda ya haɗa ƙasar ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, shi ya daidaita wannan rubutu, aka yi ta mulki da shi shekara fiye da dubu biyu.

Sarakunan da suka biyo baya ba su damu da yadda talaka ya ke magana ba. Abin da ya dame su ma'aikatansu ne. Akwai wani irin Sinanci da ma'aikatan sarki su ke yi a tsakaninsu, a ke ce da shi maganar ma'aikata. A 1728 Sarki Yunjen ya yi kukan ba ya gane abin da ma'aikata 'yan Fujiyan da 'yan lardin Kanton su ke faɗi in sun zo gabansa, ya ba da umurni a buɗe makarantun gyaran lafazi a lardunan nan biyu. Makarantun ba su yi wani tasiri ba, manomi kuwa ko labarinsu bai ji ba.

Neman Harshen Ƙasa

Da aka kawar da sarauta aka kafa jamhuriya a 1912, sai masu ilmi suka ce ƙasa ba za ta haɗa kai ba in mutanenta ba sa jin maganar juna. A 1913 aka tara wakilan larduna a Bejin don su tsai da lafazi ɗaya. Aka yi ta gardama, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa, daga ƙarshe aka jefa ƙuri'a a kan yadda za a furta alamomi wajen 6,500. Abin da ya fito gauraye ne, an ɗebo nan an ɗebo can, ba wanda ya sha shi a nono. Wani masanin harsuna, Jawo Yuwanren, shi aka sa ya ɗauki wannan lafazi a faifan garmaho don makarantu, an ce daga baya ya kan yi ba'a cewa shi kaɗai ne mai magana da harshen nan a duniya. A 1932 aka haƙura, aka ɗauki lafazin mutanen Bejin yadda ya ke. Kafin wannan, a 1920, Ma'aikatar Ilmi ta riga ta umurta a daina koya wa ƙananan azuzuwa tsohon Sinancin littattafai, a koma ga wanda a ke magana da shi. Amma yaƙe-yaƙe, na cikin gida da na Jafan, suka hana aikin ya yi nisa.

Sa'ad da 'yan Kwaminis suka karɓi mulki a 1949, wajen mutum takwas cikin goma ba su iya karatu ba. Shi kansa shugabansu, Mawo Zedun, da karin Hunan ya ke magana, wanda ya ke wa mutane da yawa wuyar ji. A watan Oktoba na 1955 aka yi manyan tarurruka biyu a Bejin a kan harshe da rubutu, a cikin 'yan shekarun da suka biyo kuma aka aza ayyuka uku.

Na farko, a watan Fabrairu na 1956 Gwamnati ta ba da umurnin a baza harshe ɗaya ko'ina, aka sa masa suna Futonghuwa, watau maganar kowa da kowa. Lafazinsa na Bejin, kalmominsa na arewa, nahawunsa kuwa na littattafan zamani. Na biyu, aka sauƙaƙa alamomin rubutu, aka rage musu yawan zane don yaro ya iya koyo da wuri. An fara a 1956, jerin da aka buga a 1964 kuwa ya ƙunshi alamomi fiye da 2,200. Da aka so a ƙara rage wasu a 1977, jama'a suka ƙi, har aka janye a 1986. Na uku, a watan Fabrairu na 1958 Majalisar ƙasa ta amince da hanyar rubuta lafazin Futonghuwa da baƙaƙen boko, sunanta Finyin. Wanda ya fi kowa aiki a kanta shi ne Jau Yuguwan, wanda da can masanin tattalin arziki ne, ya rasu a 2017 yana da shekara 111. Yaro ɗan aji ɗaya Finyin ya ke fara koyo, a rubuta masa shi a kan kowace alama, har ya saba a cire. Yau kuwa da shi yawancin Sinawa su ke rubutu a wayar hannu da kwamfuta.

Tun a lokacin akwai masu tsoron za a kashe musu karin harshensu. Firayim Minista Jau Enlai ya ba su amsa cikin wani jawabi a watan Janairu na 1958, inda ya bayyana cewa nufin Gwamnati shi ne a kawar da katangar da ke tsakanin mutane, ba a yi niyyar hana kowa maganar garinsu ba, ba kuma abu ne da doka za ta iya kashewa ba.

Alkawarin Da Aka Yi Wa Ƙabilu

Wannan ke nan game da masu Sinanci. Ƙabilun da ba Han ba kuwa, an yi musu alkawarin da ya fi haka. A ƙidayar 1953 an bar kowa ya faɗi ƙabilarsa, sai aka sami sunaye fiye da 400. Aka tura masana suka tace, suka haɗa wasu da wasu, har aka tsaya a kan 56 tare da Han, ta ƙarshe da aka amince da ita ita ce ƙabilar Jino a 1979. Tsarin mulki na 1954 ya ce kowace ƙabila tana da 'yancin amfani da harshenta da rubutunta, da kuma raya su. Aka ware manyan jihohi biyar masu cin gashin kansu: Mongoliya ta Gida tun 1947, Sinjiyan ta Uigur a 1955, Guwangshi ta Juwang da Ningshiya ta Musulmin Hui a 1958, Tibet a 1965. Ban da waɗannan akwai larduna 30 da gundumomi 120 masu irin wannan matsayi.

Ba a tsaya ga takarda ba. A 1956 aka tura ƙungiyoyi bakwai, mutum fiye da 700, suka shiga duwatsu da dazuzzuka suna rubuta harsunan da ba a taɓa rubutawa ba. Daga wannan aiki aka ƙago wa ƙabilu fiye da goma rubutu da baƙaƙen boko, cikinsu har da Juwang, wadda ta fi kowace yawa, yau mutanenta sun haura miliyan 19. Aka buɗe ɗakunan fassara, da maɗaba'u, da gidajen rediyo, da kwalejojin horad da malamai.

Amma hannun da ya bayar shi ya kan karɓe. Uigur sun daɗe suna rubutu da baƙaƙen Larabci, sai hukuma ta sauya musu zuwa na boko a shekarun 1960, sa'an nan a 1982 aka mai da su ga na Larabcin. Saboda haka aka sami 'ya'ya da ba su iya karanta wasiƙar iyayensu, daga baya kuma su kansu suka kasa karanta littafin 'ya'yansu. Mu da muka san abin da ya auku tsakanin ajami da boko ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sa'an nan ga Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, lokacin da aka rufe makarantu da maɗaba'un ƙabilu da yawa, aka wulakanta malamansu, aka ce mai riƙe da harshensa mai raba kan ƙasa ne.

Da ƙura ta lafa aka sake sabon tsarin mulki a 1982, wanda shi a ke aiki da shi har yanzu. A cikinsa akwai sassa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Sashi na 4 ya maimaita 'yancin kowace ƙabila a kan harshenta. Sashi na 19 kuwa ya ce hukuma za ta baza Futonghuwa a ƙasa duka. Dokar cin gashin kai ta 1984 ta ƙara da cewa makarantun da galibin yaransu 'yan ƙabila ne su yi koyarwa da harshen yaran in da hali, su kuma koya musu Sinanci. Shekarun da suka biyo su ne lokacin sakewa. Ɗan Mongol, ko Uigur, ko Kazak, ko ɗan ƙabilar Koriya da ke arewa maso gabas, yana iya karatu da harshensa tun daga aji ɗaya har ya rubuta jarrabawar shiga jami'a da shi. Ƙabilar Yi ta lardin Sicuwan ma aka daidaita mata tsohon rubutunta a 1980, aka tsai da alamomi 819.

Yadda Harshen Ƙasa Ya Ci Kasuwa

Duk da umurnin 1956, Futonghuwa bai shiga ƙauyuka da sauri ba. Shekaru da yawa malamin ƙauye da karin garinsu ya ke koyarwa, domin shi ma iyakar abin da ya iya ke nan. Abubuwa uku ne suka sauya wannan.

Na ɗaya jarrabawa. A 1994 aka ƙago jarrabawar iya Futonghuwa, mai daraja uku, kowace daraja hawa biyu. Mutum zai karanta kalmomi, ya karanta nassi, ya yi magana da ka, a auna lafazinsa. Mai neman takardar shaidar malanta sai ya ci maki 80, malamin harshen Sinanci 87, mai karanta labarai a gidan rediyo ko talabijin na ƙasa kuwa sai 97. Tun da abincin malami ya rataya a kan lafazinsa, ba a sake bukatar wani ya bi shi da bulala ba. A shekara ta 2000 aka yi dokar harshen ƙasa, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2001, ta sa Futonghuwa ya zama harshen ofis, da makaranta, da watsa labarai. Karin harsuna aka bar musu 'yan kafofi: wasan kwaikwayo, da bincike, da shirin da aka nemi izni, da inda ma'aikaci ya rasa yadda zai yi ya fahimtar da talaka.

Na biyu talabijin, wanda ya shiga kusan kowane gida. Na uku, wanda ya fi su duka, cin rani. Tun da aka buɗe harkar ciniki a 1978, manoma suka yi ta kwarara birane neman aiki, har yawansu ya kai kusan miliyan 300. A masaƙa ɗaya za ka sami ɗan Sicuwan da ɗan Hunan da ɗan Fujiyan, ba abin da zai haɗa su sai maganar kowa da kowa. Dubi birnin Shenjen, wanda ke cikin lardin Kanton, jingine da Hongkong. A 1980 ƙaramin gari ne, yau mutanensa sun haura miliyan 17, kusan duk baƙi, harshen titinsa kuwa Futonghuwa ne.

Lissafin hukuma ya nuna yadda abin ya tafi. Binciken da aka yi wajen shekara ta 2000 ya sami kashi 53 cikin 100 ne su ke iya magana da Futonghuwa. A 2020 sun haura kashi 80. Marasa iya karatu kuwa, waɗanda da su ne takwas cikin goma, ƙidayar 2020 ta same su ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kowane mai adalci zai yarda wannan babban aiki ne, ba kuwa ƙasashe da yawa suka yi irinsa ba.

Sai dai kowace riba da kuɗinta. A Shanghai, tun daga farkon shekarun 1990 makarantu suka matsa wa yara su bar maganar gari ko a filin wasa. Cikin tsara ɗaya aka sami gidajen da kaka ta ke magana da Wu, jika yana amsa mata da Futonghuwa. Da mahukuntan birnin suka farga, sai suka shiga sa maganar Shanghai cikin sanarwar wasu motocin haya da wasu azuzuwan ƙananan yara. Mutanen Kanton su ba su jira haka ba. A watan Yuli na 2010, ana shirin Wasannin Asiya, aka kawo shawarar a mai da manyan shirye-shiryen talabijin na birnin zuwa Futonghuwa, sai jama'a suka fito titi suna ƙi, hukuma ta ce ba ta da niyyar kawar da Kantonanci. A 2015 Gwamnati ta fara wani babban aiki na ɗaukar muryoyin tsofaffi a wurare fiye da 1,700 don a adana karin harsuna da harsunan ƙabilu. Aiki ne mai kyau, amma iri da aka ajiye a rumbu daban ya ke da wanda aka shuka.

Da Iska Ta Juya

Ga ƙabilun kan iyaka, abin ya fi tsanani. A 2002 Jami'ar Sinjiyan ta daina koyar da yawancin fannoni da harshen Uigur. Aka shigo da tsarin da a ke kira karatu da harshe biyu, wanda a aikace ma'anarsa ita ce a koyar da lissafi da kimiyya da tarihi da Sinanci, a bar harshen gida ya zama darasi ɗaya cikin jadawali. A watan Oktoba na 2010 ɗalibai 'yan Tibet na lardin Cinghai suka yi zanga-zanga a kan irin wannan shiri. Bayan Shi Jinfin ya hau mulki a 2012, manufar Gwamnati ta ƙara karkata ga cusa wa kowa jin cewa shi ɗan al'umma ɗaya ne tak. Daga 2017 makarantun Sinjiyan suka koma Sinanci kusan gaba ɗaya. A watan Agusta na 2020, ana gab da komawa makaranta, aka sanar a Mongoliya ta Gida cewa darussa uku, adabi da siyasa da tarihi, za a mai da su Sinanci ɗaya bayan ɗaya cikin shekara uku. Iyaye da yawa suka ƙi tura 'ya'yansu makaranta, aka kama wasu, aka tsoratad da ma'aikata da kora, shirin ya wuce. A farkon 2021 wani kwamitin Majalisar ƙasa ya yanke cewa dokokin wasu yankuna da suka ce a koyar da harshen ƙabila sun saɓa wa tsarin mulki, a cikin shekarar kuma aka umurci makarantun renon yara na yankunan ƙabilu da na karkara su riƙa amfani da Futonghuwa. Watau Sashi na 19 ya danne Sashi na 4.

Mai ƙorafi kuwa yana iya ɗanɗana kuɗarsa. Wani ɗan kasuwa ɗan Tibet, Tashi Wancuk, ya tafi Bejin neman ya kai ƙara a kan rashin koyar da harshensu, ya kuma yi hira da wata jaridar Amurka. Aka kama shi a 2016, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar bisa laifin ingiza mutane ga ɓallewa, bai fito ba sai 2021. A 2023 wasu masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yaran Tibet wajen miliyan ɗaya suna makarantun kwana inda a ke koyarwa da Sinanci, nesa da iyayensu. Gwamnatin Sin ta ƙaryata zargin, ta ce nisan ƙauyuka ne ya sa a ke yin makarantun kwana, ba a kuwa tilasta wa kowa.

Ya kamata mu ji hujjar kowane ɓangare. Hukuma tana cewa yaron da bai iya harshen ƙasa ba an rufe masa ƙofar jami'a da ta aiki, zai ƙare cikin talauci a bayan dutse, ƙasa mai iyaka da maƙwabta 14 kuma ba za ta yi sake da haɗin kanta ba. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa tun kafin a tilasta, iyaye da yawa da kansu su ke kai 'ya'yansu makarantun Sinanci. Su kuwa masu kuka suna cewa ba su ƙi 'ya'yansu su koyi Sinanci ba, abin da suka ƙi shi ne a ce sai an ajiye na gida kafin a ɗauki na ƙasa. Sun lura cewa harshen da aka fitar daga darasin lissafi da kimiyya ba ya samun sababbin kalmomi, ba a ɗaukar malamansa aiki, yaro kuma tun yana ƙarami ya ke gane cewa maganar uwarsa ba ta kai mutum ko'ina.

Misalai Biyu

Tarihin ƙasar da kansa ya nuna inda wannan hanya ta ke iya kaiwa. Ƙabilar Mancu su suka mallaki Sin daga 1644 zuwa 1912, harshensu shi ne na fada. Ba wanda ya hana su magana da shi, su da kansu suka sake shi a hankali, domin Sinanci ya fi amfani a ofis da kasuwa. Yau waɗanda a ke lissafawa Mancu sun haura miliyan 10, amma waɗanda suka tashi da harshen a gida 'yan tsofaffi ne ƙalilan a wani ƙauye na arewa maso gabas. Takardun mulkinsu suna nan jibge a ɗakunan ajiya na Bejin, masu iya karanta su kaɗan ne. Waɗanda su ke magana da wani harshe mai kama da shi su ne ƙabilar Shibe, jikokin sojan da aka tura gadin iyaka a Sinjiyan a 1764, nisa ne ya tsare musu shi.

Misali na biyu tsibirin Taiwan ne, wanda ke da gwamnati tasa dabam. Can ma an tilasta Mandarin bayan 1945, har a kan ci yaro tara ko a rataya masa allo a wuya in ya yi maganar gida a makaranta. Bayan an ɗage dokar soja a 1987 aka sake tunani. Daga 2001 aka wajabta darasin harshen gida a makarantun firamare, a 2018 kuma majalisarsu ta yi dokar da ta ba dukan harsunan tsibirin matsayin harshen ƙasa. Duk da haka yara da yawa Mandarin su ke yi da iyayensu. Sakin harshe ya fi komo da shi sauƙi.

Abin Lura

Sinawa ba su jahilci harshenmu ba, gama tun 1963 gidan rediyon Bejin ya ke watsa shiri da Hausa. Mu ma ya kamata mu san nasu labarin, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hausa tana tsaye a wuri biyu. A gaban Turanci da Faransanci ita ce ƙarama, mai neman a bar mata gurbi a aji da ofis. A gaban ƙananan harsunan Bauci da Filato da kudancin Kaduna kuwa ita ce babba, wasunsu ma ta riga ta haɗiye su. Mun kuma ɗauki karin Kano muka mai da shi na rubutu, kamar yadda Sinawa suka ɗauki na Bejin.

Abin da labarin Sin ya koya mana shi ne, harshen gama-gari alheri ne, yana kore jahilci, yana buɗe wa talaka hanyar abinci, ba mai hankalin da zai hana ɗansa koyonsa. Amma alkawarin da aka rubuta cikin tsarin mulki ba shi ke raya harshe ba. Abin da ke raya shi, ko ya kashe shi, shi ne da wane harshe a ke koya wa yaro lissafi, da wane a ke jarraba malami, da wane akawu ya ke amsa wa talakan da ya zo da kuka. Saboda haka malamin da ya ji yaro ya yi maganar gidansu a aji, ya tuna cewa a ƙasashe da yawa daga irin tsawar da ya ke shirin yi aka fara. Ya koya masa harshen ƙasa da kyau, ya bar masa na uwarsa, kan yaro yana ɗaukar biyu har da uku.